Ganin Wata: Su Wane Ne Masu Kallon Sama, Kuma Me Ya Sa Maganarsu Ke Tayar Da Ƙura?

Yaya za a yi mutum ya ce "yau ba za a ga wata ba" tun rana tana tsaka, ba a ko fita dubawa ba? Wannan tambayar ba ta fashi duk ranar 29 ga Sha'aban da 29 ga Ramadan. Wasu masu sha'awar kallon sararin samaniya sukan fito a Facebook da taswira mai launi-launi su ce jinjirin wata ba zai ganu a ƙasar nan ba, bayan Isha'i kuma sai ga labari cewa an gan shi a gari kaza da gari kaza. Nan take ƙura ta tashi. Wannan ya ce 'yan boko sun raina shari'a, wancan ya ce ana sa al'umma azumi a kan gizon da ido ya yi wa wani. Wasu ma gaba ɗaya suke yi wa harkar kuɗin goro, su ce duk mai maganar taurari boka ne.

Kafin mutum ya ɗauki ɓangare, yana da kyau ya san abin da waɗannan mutane suke yi, da iyakar abin da lissafinsu zai iya faɗa.

Masu kallon sama ba 'yan duba ba ne

Akwai masana falaki da ke karɓar albashi a jami'o'i da cibiyoyi, irin cibiyar binciken sararin samaniya da hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, take da ita a Nsukka. Akwai kuma waɗanda sha'awa ce kawai ta kai su: malamin makaranta, likita, ɗan kasuwa, ɗalibi. Da rana kowa na kan sana'arsa, da dare ya fita bayan gari da madubin hangen nesa ko da idonsa kaɗai, ya koyi sunayen taurari, ya bi tafiyar wata, ya rubuta abin da ya gani. Su ne muke magana a kansu.

Kada a raina su don ba su da takardar digiri a fannin. William Herschel makaɗi ne a Ingila lokacin da ya gano duniyar Yuranus a 1781, da madubin da ya haɗa da hannunsa. Tauraron nan mai wutsiya da ya haska sama a 1997, Hale-Bopp, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka fara hango shi a 1995, Thomas Bopp, ɗan sha'awa ne, kuma da madubin abokinsa ya gan shi. A 2009 wani ɗan sha'awa a Ostareliya, Anthony Wesley, shi ya fara lura da tabon da wani abu ya bari bayan ya faɗa wa duniyar Mushtari, sannan manyan cibiyoyi suka juya na'urorinsu suka tabbatar. Dalilin a fili yake: sama tana da faɗi, ƙwararru kuwa ba su da yawa.

Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Wanda ya tashi a ƙauye ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki da ke fitowa gabanin asuba, ya san Kaza da 'ya'yanta. Tsofaffin manoma da malaman zaure suna lissafin damina da masaukan taurari 28, kowanne kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, wanda in an tara zai ba da 365. In ka ji dattijo yana cewa an shiga Nasara ko Ɗarfa, kallon sama yake yi maka bayani, ko da bai taɓa riƙe madubi ba.

Zargin bokanci kuwa malamai sun daɗe da warware shi. Sun raba ilimin taurari gida biyu. Akwai na masu da'awar cewa tauraro kaza shi ke kawo arziki ko mutuwa ko dacen aure, wanda hadisi ya haɗa shi da sihiri, kuma haramun ne. Akwai na sanin tafiyar rana da wata don gane alƙibla da lokutan salla da lissafin watanni, wanda Alƙur'ani da kansa ya yi nuni gare shi a Suratu Yunus da Suratur Rahman, inda ya ce rana da wata suna tafiya ne bisa lissafi. A da manyan masallatai har ma'aikaci na musamman suke ajiyewa don wannan aiki. Ibn al-Shatir, wanda ya rasu a 1375, aikinsa ke nan a babban masallacin Dimashƙa. Jadawalin lokutan salla da ke manne a bangon masallacin unguwarku, wanda ladan ke dubawa ba tare da ya leƙa inuwa ba, ɗan wannan ilimin ne.

Abin da ke faruwa a sama daren 29

Wata ba shi da hasken kansa, na rana yake maidowa. Yana kewaya duniya, kuma daga sabon wata zuwa wani sabon, a matsakaicin lissafi, kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Shi ya sa watan Musulunci yake zuwa 29 ko 30, shekara kuma ta tsaya a wajen kwana 354.

A ƙarshen kowane wata akwai lokacin da wata ke shiga tsakanin duniya da rana. Masu falaki na kiran wannan lokaci iƙtirani, wato haɗuwa, wasu kuma su ce haihuwar wata. A wannan sa'a gefen da rana ke haskawa yana fuskantar can ne, mu kuma bayansa mai duhu muke kallo, ga shi kuma ya nutse cikin hasken rana. Babu abin da ido zai kama. Daga nan sai ya fara ja da baya daga rana zuwa gabas, kimanin rabin digiri a kowace awa, digiri 12 a yini guda. Sai tazarar ta yi yawa sannan wani siririn gefe mai haske ya bayyana mana, shi ne jinjirin wata.

Don mai karatu ya gane digiri: ka miƙe hannunka gaba ɗaya ka dunƙule shi, faɗin dunƙulen a sama ya kai kimanin digiri 10.

To, kafin jinjiri ya ganu, dole haɗuwar ta riga faɗuwar rana, dole wata ya rage a sama bayan rana ta faɗi, kuma dole ya jima har sama ta ɗan yi duhu. Jinjirin daren farko yana da ɗan taƙin lokaci ne, sau da yawa ƙasa da awa guda, tsakanin gushewar hasken rana da faɗuwarsa shi ma.

Iyakar lissafi

A nan ne mutane da yawa, har da wasu masu goyon bayan lissafin, suke tafka kuskure. Lissafi yana faɗin inda wata yake a kowace daƙiƙa, ba kuskure. Shaidar haka ita ce kusufin rana, wanda ake sanar da ranarsa da mintinsa da garuruwan da zai ratsa shekaru kafin ya zo. Mutanen Gusau da Katsina da suka ga gari ya yi duhu da hantsi ranar 29 ga Maris 2006 sun ga wannan da idonsu. Amma cewa ido zai kama jinjirin ko ba zai kama ba, wannan wata magana ce daban, domin ta dogara da hazo, da gajimare, da ƙarfin idon mai dubawa, da gogewarsa.

Saboda haka akwai daren da lissafi ke cewa gani ba zai yiwu ba sam, domin wata ya riga rana faɗuwa, ba ya ma sama. Akwai daren da yake cewa kowa zai gani in sama ta washe. Tsakaninsu kuma akwai dare mai shakka, inda masu lissafin kansu suke saɓani, kuma a nan mai gaskiya cikinsu "da wuya" zai ce, ba "ba zai yiwu ba".

Ma'aunin wannan shakka daga tarin rahotannin masu dubawa aka ciro shi, ba daga tunanin wani ba. A farkon shekarun 1930 wani Bafaranshe, André Danjon, ya lura cewa in tazarar wata da rana ta gaza kimanin digiri 7, jinjirin ba ya ganuwa. Mafi ƙanƙantar jinjirin da aka yarda an gani da ido zalla shi ne wanda Stephen O'Meara ya gani a 1990, yana da awa 15 da minti 32 da haihuwa. Da taimakon babban madubi, Mohsen Mirsaeed ya gan shi a Iran a 2002 yana da awa 11 da minti 40. Taswirori masu launi da ake yaɗawa a waya galibi sun ginu ne a kan ma'aunin Bernard Yallop na Ingila na 1997, ko na Mohammad Odeh, wanda ya kafa wani shiri na duban jinjirin wata a 1998 da ke karɓar rahotanni daga masu sha'awa a ƙasashen Musulmi da dama.

Wani zai ce ai ya ga hoton jinjiri da aka ɗauka da rana tsaka. Gaskiya ne. Thierry Legault, shi ma ɗan sha'awa a Faransa, ya ɗauki hoton wata a daidai lokacin haihuwarsa ranar 8 ga Yuli 2013. Amma da kyamara ta musamman ya yi, wadda ke kama hasken da idon ɗan Adam ba ya gani. Ko irin wannan hoton ya isa a kira shi "gani" a shari'a, wannan hukuncin na malamai ne, ba na mai kyamara ba.

Azumin 2024, farkonsa da ƙarshensa

Misalin da ya fi fito da matsalar fili shi ne na Litinin 8 ga Afrilu 2024, wadda ta zo daidai da 29 ga Ramadan a Najeriya da Nijar. A ranar ce aka yi cikakken kusufin rana da ya ratsa Meziko da Amurka da Kanada, miliyoyin mutane suna kallo kai tsaye. Kusufin rana kuwa ba komai ba ne illa haɗuwar wata da rana a bainar jama'a. Haɗuwar ta faru da ƙarfe 7:21 na yamma agogon Najeriya da Nijar. A lokacin rana ta riga ta faɗi a Kano da Sakkwato da Damagaram, ta faɗi a Yamai ma wajen ƙarfe 7. Wato sa'ar da muke shan ruwa, watan bai ma kai ga rana ba, balle ya wuce ta.

Duk da haka aka sanar da ganin wata a Nijar, aka yi Salla ranar Talata, haka ma a Mali. A Najeriya fadar Sarkin Musulmi ta ce ba a gani ba, aka cika 30, aka yi Salla ranar Laraba 10 ga wata, kamar yadda Saudiyya ta yi. A cikin Sakkwato kanta wasu sun bi labarin Nijar suka yi Idi ranar Talata.

Kada 'yan Najeriya su yi saurin dariya. A farkon wannan azumin, ranar Lahadi 10 ga Maris, an haifi watan ne da ƙarfe 10 na safe agogonmu. Zuwa Magariba bai cika awa 9 ba, ƙasa da abin da aka taɓa tabbatarwa ko da madubi. Amma an sanar da gani a Najeriya da Saudiyya, aka tashi da azumi Litinin, yayin da Maroko da Oman da Indonesiya da Malesiya suka jira Talata. Bambancin dai shi ne a Maris watan yana sama bayan faɗuwar rana, ko da ganinsa ya yi matuƙar nisa, a Afrilu kuwa babu shi a wurin kwata-kwata.

To, mai shaida ƙarya ya yi?

Ba lallai ba, kuma masu kallon sama da ke saurin kiran mutane maƙaryata suna ɓata wa kansu aiki. Mutum na iya zama adali, mai tsoron Allah, idonsa kuma ya yaudare shi. A wani bincike da LeRoy Doggett da Bradley Schaefer suka wallafa a Amurka a 1994, bayan sun sa jama'a da yawa fita duban jinjiri, sun ƙiyasta cewa kusan 15 cikin 100 na masu dubawa kan ce sun gani a inda ganin ba zai yiwu ba. Waɗannan mutane ba azumi suke jira ba, ba Salla ba, babu abin da za su samu da ƙarya.

Abubuwan da ke ruɗin ido a wannan sa'a suna da yawa: siririn gajimare da jan rana ya taɓa gefensa, farin layin da jirgin sama ke bari, Zara ko duniyar Uɗaridu in suna kusa da inda rana ta faɗi, har da gashin ido ko ɗigon hawaye bayan an daɗe ana ƙura wa wuri ɗaya ido. Ka ƙara da ɗoki. Yanzu ka lissafa dubban mutanen da ke fita dubawa daga Maiduguri zuwa Birnin Kebbi. Ko da kaɗan ne cikinsu ido ya yi wa gizo, za a samu shaidu biyu kusan kowane wata, kuma a mazhabar Malikiyya da aka fi bi a ƙasashenmu, adalai biyu sun isa a tabbatar da wata. A ganina wannan shi ne tushen matsalar, ba rashin gaskiyar mutane ba.

Inda malamai suka tsaya

Asalin hukuncin hadisi ne da Bukhari da Muslim suka ruwaito: a yi azumi don ganinsa, a sha ruwa don ganinsa, in ya ɓoyu a cika talatin. Mafi yawan malamai na da da na yanzu a kan zahirin wannan suke, cewa lissafi ba ya tsayar da wata. Hujjarsu mai ƙarfi ce: shari'a ta rataya ibadar a kan abin da makiyayi a daji zai iya, ba sai mai kwamfuta ba.

Wasu sun tafi ɗaya ƙarshen. Malamin hadisin nan na Masar, Ahmad Shakir, ya yi rubutu a 1939 yana goyon bayan dogaro da lissafi tunda yanzu ya zama tabbatacce. Turkiyya da ƙungiyar Muhammadiyah ta Indonesiya da lissafi suke aiki.

Akwai kuma matsaya ta tsakiya, wadda ba sabuwa ba ce. Taƙiyyuddin al-Subki, babban malamin Shafi'iyya da ya rasu a 1355, ya ce in lissafi tabbatacce ya nuna gani ba zai yiwu ba, alƙali ya mayar da shaidar, domin sharaɗin karɓar shaida shi ne abin da aka shaida ya zama mai yiwuwa. Wato lissafi ba zai tsayar da wata ba, amma zai iya kore shi. Galibin masu kallon sama na Musulmi abin da suke roƙo ke nan, ba wai a daina fita dubawa ba. Hasali ma su ne suka fi kowa fita, domin su kowane wata suke yi, ba sai Ramadan ba.

A Najeriya sanarwa tana hannun Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammadu Sa'ad Abubakar, a matsayinsa na shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci, bayan kwamitin duban wata ya tace rahotannin da suka biyo ta hannun hakimai da sarakuna. Ɗan sha'awa na iya ba da bayani, amma ba shi ke yanke hukunci ba, kuma wanda ya fito yana ce wa mutane su saɓa wa sanarwa don manhajar wayarsa ta ce kaza, ya wuce gona da iri.

Maganganu biyu da ake yawan ji

Ta farko: "Saudiyya ta gani, me muke jira?" Ko ganin wata ƙasa yana hawa kan wata ƙasa, tsohon saɓani ne, kuma hadisin Kuraib a Sahihu Muslim ya nuna Ibn Abbas a Madina bai bi ganin mutanen Sham ba. Ta fuskar falaki kuwa, rana tana faɗuwa a Kano kimanin awa biyu bayan ta faɗi a Makka, wato watan ya ƙara girma kafin ya iso mu. Saboda haka abu ne mai yiwuwa mu gani su ba su gani ba. Abin da ke da ɗaure kai shi ne akasin haka, a ce an gani a gabas, mu da ke yamma da sama tas mu rasa.

Ta biyu: "Dubi girmansa, wannan ai ɗan kwana biyu ne, an ci mana azumi ɗaya." Ba dole ba. Watan da ya kuɓuce wa ido jiya yana da awa 14, yau yana da awa 38, dole ya fito da kauri ya kuma jima a sama. A Sahihu Muslim ma an kawo wa Ibn Abbas irin wannan gardama, wasu na cewa ɗan kwana uku ne wasu na cewa biyu, ya ce musu na daren da suka gan shi ne.

Abin da ya shafi mutumin gari

Saɓanin kwana ɗaya ba ƙaramin abu ba ne ga dangin da iyaka ta raba, irin na Illela da Birnin Ƙonni, ko Jibiya da Maraɗi, inda wa yake cin tuwon Salla ƙane yana azumi. Azumtar ranar Idi haramun ne, shan ruwa a Ramadan da gangan babban laifi ne, don haka kowane ɓangare na ganin ɗayan a cikin haɗari. Ga tela da mai kitso da direban tasha da uwargida mai cefane, duk sai an kai dare kafin su san matsayinsu.

Ƙaruwar masu kallon sama a garuruwanmu za ta rage wannan, domin abin da ake buƙata shi ne shaidu masu horo. Wanda ya saba duban jinjiri kowane wata ya san inda zai nema, ya san cewa gefen mai haske kullum yana fuskantar inda rana ta faɗi, kuma in aka tambaye shi ƙarfe nawa, tsayin dunƙule nawa, dama da rana ko hagu, zai amsa. Rahotonsa na "na duba ban gani ba, sama kuwa a washe take" yana da nauyi kamar na wanda ya ce ya gani. A Senegal ƙungiyar masu sha'awar falaki da Maram Kaire ya jagoranta ta daɗe tana fitar da bayani kan yiwuwar ganin wata kafin azumi da Salla, kuma a 2021 aka sanya wa wani dutsen sararin samaniya sunansa.

Shiga harkar ba ta da tsada kamar yadda ake zato. Ido ya isa a fara. Manhajar Stellarium tana nuna sunan duk abin da ke sama da inda wata zai kasance. Madubin hangen nesa mai ido biyu, irin wanda aka rubuta wa 7x50 ko 10x50, ya fi amfani ga mai koyo a kan babban madubin da bai iya saitawa ba. A nemi wurin da yamma take a buɗe, nesa da fitilun gari, a kuma sani cewa hazon hunturu na iya rufe ƙasan sama gaba ɗaya ko da saman kai tas yake. Kada a kuskura a ɗaga madubi kafin rana ta gama faɗuwa, domin kallonta ta cikinsa na daƙiƙa kaɗan na iya makantar da ido har abada.

Mai son gwada lissafin da kansa yana da dama nan gaba. Ranar 2 ga Agusta 2027 cikakken kusufin rana zai ratsa Luksor a Masar da Jidda da Makka, arewacin Najeriya da Nijar kuma za su ga rana ta cinye a gefe. Ranar 20 ga Maris 2034 wani zai ratsa Legas da birnin Benin, ya bi ta Kamaru da Chadi. Ana iya samun mintin farawarsa a kowane gari tun yanzu, a rubuta a ajiye, ranar a riƙe agogo, a kuma kalla da tabarau na musamman da aka yi don kusufi, ba baƙin gilashin kasuwa ba.